Kafin Ka Sayi Jirgin Ruwa Na Hannu A Yeji: Duba Katako, Duba Inji, Duba Takarda

Daga wakilinmu a Zangon Kumasi

Duk wanda ya taɓa kwana a Yeji daren Lahadi wayewar garin Litinin ya san yadda bakin ruwa yake cika tun kafin rana ta ɗaga. Jirage na shigowa ɗaya bayan ɗaya daga ƙauyukan gaɓa da na tsibirai, maƙare da kwandunan banda, da doya, da gawayi, da awaki, ga kuma mutane a zaune a kan kaya. A gefe guda fatake ne daga Kumasi, Techiman, Tamale da Bawku, kowa na miƙa wuya yana neman jirgin da ya ɗauko masa kaya. A irin wannan tsayuwa ce tunani yakan zo wa ɗan kasuwa cewa, me zai hana shi ma ya mallaki jirginsa, ya bi masunta har ƙauyukansu, ya ja musu ƙananan kwale-kwalensu zuwa inda kifi yake, ya sayi kamun da suka yi tun kafin ya shiga hannun dillalai?

Tunanin ba shi da laifi, kuma akwai waɗanda suka yi arziki da shi. Sai dai sabon jirgi da sabon inji sun fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu, don haka ido yakan koma kan na hannu. A shirinmu na harkokin kasuwa a gidan rediyo, wannan tambaya ta sha zuwa daga masu sauraro, har daga 'yan'uwa da ke kasuwannin iyaka irin su Aflao, Paga da Tatale: yaya mutum zai gane jirgin hannu mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi? Abin da ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta amsar ke nan, domin minti goma na rediyo ba ya isa.

Abin da ya sami yayana

Zan fara da na gida. Wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya shekara fiye da ashirin yana kawo banda daga Yeji zuwa Kumasi. Shekarun baya ya kwashi adashi, ya haɗa da kuɗin da uwargidansa ta tara a sana'ar waina, ya tafi ya sayo jirgin katako tare da injinsa a hannun wani mutum da ya ce zai koma garinsu. Jirgin yana kan tudu, an shafe shi da sabon fenti shuɗi da ja, inji kuma an ta da shi a cikin durom ɗin ruwa, ya yi ƙara mai daɗi. Farashin ya yi ƙasa da abin da ake faɗa a kasuwa, yayana ya ji tsoron kada wani ya riga shi, ya biya a ranar.

A mako na uku, suna jan kwale-kwale huɗu a bayansu, allon da aka ɗaura injin a jikinsa ya ɓalle. Ashe katakon ya daɗe da ruɓewa daga ciki, fenti ne kawai ya rufe shi. Inji ya nutse a ruwa mai zurfi, babu sarƙa ko igiyar da ta riƙe shi. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, masuntan da ake ja su ne suka koma suka jawo jirgin da filafili har gaɓa. Da na je yi masa jaje, abin da ya ce mini shi ne: "Ƙanena, ni da nake ɓare kifi in shinshina cikinsa kafin in sayi kwando ɗaya, na sayi jirgi ban ko ƙwanƙwasa shi ba."

Wannan magana ta yayana ita ce kan wannan rubutu. Jirgin hannu kaya uku ne a ciniki ɗaya: katako, inji da takarda. Kowanne da yadda ake ɓare shi a shinshina.

Ka san ruwan da za ka shiga

Kakanninmu sun san Yeji tun kafin a yi tafki. Hanyar goro da ta tashi daga Kumasi ta bi ta Mampong, Ejura, Atebubu da Prang, a Yeji take tsallake kogi ta nufi Salaga. Bayan yaƙin Salaga na 1892, Hausawa da yawa sun watsu zuwa garuruwan bakin kogin, har Kete Krachi inda Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Amma a wancan zamani kogi ne mai gaɓa biyu da ido ke gani.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya zama tafkin Volta, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 8,500. An tashi mutane kusan 80,000 aka sake musu mazauni a garuruwa 52, tsohon garin Kete Krachi ma yana ƙarƙashin ruwan. Abin da ya shafi mai sayen jirgi a nan shi ne, ba a sare dazuzzukan da ruwan ya rufe ba. Itatuwan suna nan a tsaye har yau, wasu kansu a waje, wasu kuma taku ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa. Su ne suke huda jirage, su karya farfela, su yayyage raga.

Bugu da ƙari, ruwan ba ya zama a wuri ɗaya. Yakan ja baya a tsakiyar shekara, ya cika wajen Oktoba da Nuwamba. A bakin madatsar, ma'aunin aikinta yana tsakanin ƙafa 240 da ƙafa 278. A 2007 ruwan ya yi ƙasa har aka shiga rabon wutar lantarki a Ghana, a 2023 kuma ya cika har aka saki ruwa ya mamaye garuruwa irin su Mepe. Ma'ana, hanyar da jirgi ya bi lafiya a Disamba tana iya zama cike da kututture a Yuni. Ga hazon hunturu da ke rufe gaɓa, ga guguwar farkon damina da ke tasowa ba sallama. Saboda haka jirgin da ya dace da wannan tafki shi ne mai kaurin ƙasa, mai faɗin da ba zai yi ta tangaɗi ba, wanda kuma ba ya nutsa ƙasa sosai a cikin ruwa.

Wane aiki zai yi maka?

Kafin ka je kallon jirgi ko ɗaya, ka zauna ka rubuta aikin da kake so ya yi. Kwando nawa zai ɗauka ranar kasuwa? Kwale-kwale nawa zai ja? Awa nawa ne daga tasha zuwa ƙauyen da ya fi nisa? Wanda bai amsa waɗannan ba, dillali ne zai zaɓa masa, kuma dillali abin da ke hannunsa yake sayarwa.

Ja da ɗaukar kaya aiki ne na ƙarfi a hankali, irin na takarkari. Jirgi dogo mai matsakaicin faɗi ya fi gajere sauƙin tafiya da nauyi, ya kuma fi riƙe hanya idan akwai abin da yake ja. A sani kuma, jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yarje masa. Idan ka ninka ƙarfin inji, gudun ba ya ninkuwa, shan mai ne yake ninkuwa, bayan jirgin kuma ya riƙa nutsewa.

Akwai masu sha'awar jan ƙugiya, wato a saki doguwar igiya mai ƙugiya a bayan jirgi ana tafiya sannu, don kama manyan kifaye irin giwan ruwa. Wannan yana yiwuwa a tsakiyar ruwa, inda tsohon kogi ya bi, amma a wuraren da kututture ya yi yawa asarar ƙugiya da igiya ce kawai. Mafi yawan karfasa, tarwaɗa da ƙurungun da ke zuwa kasuwa, da raga, birgi, mamari da gura ake kama su. Don haka ɗan kasuwa ya ɗauki jan ƙugiya a matsayin ƙari, kada ya gina lissafinsa a kai. Amfanin maganar a nan shi ne, ja da jan ƙugiya duka suna buƙatar injin da zai jure tafiyar sannu na tsawon lokaci ba tare da ya mutu ba.

Katako

A nan Ghana sunaye biyu za ka fi ji, wawa da odum. Wawan nan ba wawa na Hausa ba ne, itace ne fari mara nauyi, mai sauƙin sassaƙa da sauƙin kuɗi, da shi ake fafe manyan kwale-kwalen teku na Tema da Elmina. Aibinsa shi ne laushi, ga saurin ruɓewa da shigar ƙwari. Odum kuwa nauyi gare shi da tsada, amma yana jure ruwa shekara da shekaru. Jirgi ɗaya yana iya haɗa katako iri biyu ko uku, don haka kada ka tsaya ga abin da mai shi ya faɗa. Tafi da kafintan jirgi naka na kanka, wanda kai za ka biya, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Sabon fenti a jikin tsohon jirgi abin tambaya ne. Ka nemi izini a kankare wuri uku ko huɗu. Ka riƙe ƙaramar guduma da sukundireba. Katako mai lafiya idan an buga shi yakan yi ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma ƙararsa a dushe take kamar an bugi kabewa. Inda sukundireba ta shige ba da ƙarfi ba, wurin ya mutu.

Wuraren da ruɓa ta fi ɓuya su ne inda ruwan sama ke kwanciya a cikin jirgi, ƙarƙashin allunan da ake takawa, gindin haƙarƙarin jirgi, da mahaɗar allon baya da gefuna. Ka sa a ɗage allunan ƙasa duka. Ka duba kan ƙusoshi: jan zane na tsatsa da ke gangarowa daga ƙusa alama ce ta cewa ƙusar ta cinye daga ciki, katakon da ke kewaye da ita ma ya yi laushi. Ka ƙirga faci. Faci ɗaya ko biyu a ƙasan jirgin da ya yi aiki a Volta ba abin mamaki ba ne, amma a ga ko an sa sabon katako ne aka ɗaure da haƙarƙari, ko kuwa kwano aka buga aka shafe da kwalta. Sannan ka tsaya a gaban jirgin ka kalle shi har baya da ido ɗaya. Idan ya murɗe ko tsakiyarsa ta lotsa, ba ya gyaruwa, kuma zai riƙa ja gefe ɗaya yana cin mai.

Allon da ake ɗaura inji shi ne inda yayana ya faɗi, a nan za ka fi daɗewa. Injin doki 40 ya kusa kilo 70, ga turawar da yake yi, ga igiyar ja da ke fisgar jirgin ta baya. Ka ɗaga ƙafar injin ka girgiza ta sama da ƙasa da ƙarfi. Idan allon ya motsa ko ya buɗe baki ko kaɗan, ka sa kuɗin sabon allo a cikin ciniki, ko ka haƙura.

Wani lokaci akan sami jirgin faiba na hannu. Ba ya ruɓewa kamar katako, amma sau da yawa akwai katako a cikin allon bayansa da ƙasansa, wanda kan sha ruwa ya lalace ba a gani. Ka taka ko'ina ka ji ko yana lotsawa, ka duba tsagewa. Ka kuma tambayi kanka, idan kututture ya huda shi a ƙauyen da ke awa huɗu daga Yeji, wa zai gyara? Kafintan katako kuwa kusan kowace tasha akwai shi.

Inji

Sau da yawa inji ya fi jirgin kansa tsada, kuma a nan aka fi cutar mutane. Injin da ya fi yawa a bakin ruwan Ghana shi ne Yamaha, musamman mai ƙarfin doki 40, sai masu 25 da 15. Ba talla nake yi ba, dalilin ambatonsa shi ne kayan gyaransa da masu gyaransa sun fi samuwa. Inji mai araha wanda sai an aika Accra ko Lome kafin a sami fulogi ko farfelarsa, zai kwana a kan tudu ranar da ake kasuwa.

Tambaya ta farko: a wane ruwa ya yi aiki? Injin da ya fito daga bakin teku ya sha gishiri. Za ka ga farin gari kamar kanwa a kan notuna da mahaɗai, fenti ya kumbura, notuna sun kafe. Gishirin yana toshe hanyoyin ruwan da ke sanyaya inji daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Irin wannan inji, ko da ƙararsa ta yi daɗi, kuɗinsa bai kamata ya kai na wanda ya zauna a tafki ba.

Ka ce kada a ta da injin kafin ka iso. Ka taɓa shi ka ji da sanyi, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi. Mai lafiya bai kamata ya wuce ja kaɗan ba. Da ya tashi, ka duba siririn ruwan da yake fitarwa ta baya, wanda masu jirgi ke ce wa fitsarin inji. Idan yana fita da ƙarfi ba yankewa, famfon sanyaya yana aiki. Idan ɗigo yake yi, robar famfon ta cinye ko hanya ta toshe, kuma mai yiwuwa injin ya sha yin zafi a baya.

A kwance fulogi a duba. Launin ƙasa-ƙasa a bushe shi ne lafiya. Baƙi mai danƙo, ko wanda ya yi fes kamar an wanke shi da tururi, duka suna nuna matsala. Fitan da ka zo da shi ya auna matsin silinda da ma'auni. Injin doki 40 irin wanda aka saba silinda biyu gare shi, ya kamata su zo kusan daidai, idan bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100 to fistin ko ringi sun gaji. Daga nan a sassauta noti na ƙasa a ɗebi man giya kaɗan. Idan ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Idan da ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya na cin juna. A juya farfela da hannu a ga ko sandarta ta lanƙwashe, abin da ke yawan faruwa ga injin da ya sha karo da kututture.

A lura, fitan mota daban, na injin ruwa daban. Muna da gwanaye a Magazin na Suame, amma wanda ya dace da wannan aiki shi ne wanda kullum hannunsa ke cikin injin jirgi a bakin ruwa.

Abu biyu kuma da ake mantawa. Na ɗaya, tsawon ƙafar inji: akwai gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20, dole ta dace da tsayin allon jirginka, yadda farfela za ta zauna a ƙarƙashin ƙasan jirgi. Idan ta yi sama tana shan iska, idan ta yi ƙasa da yawa tana neman kututture. Na biyu, farfelar ja daban take da farfelar gudu. Mai ɗaukar kaya yana buƙatar wadda lanƙwasarta ba ta da yawa, don inji ya juya a sake ba tare da ya shaƙe ba. Canza farfela kaɗai yakan sa ƙaramin inji ya yi aikin da ake zaton sai babba.

Gwaji a cikin ruwa, da kaya

Gani ya kori ji. Kada ka sayi jirgi a kan tudu, kada ka sayi inji a cikin durom. Ka sa a kwashe ruwan cikin jirgin tas da yamma, a bar shi ya kwana a ruwa, ka dawo da asuba kafin kowa ka ga abin da ya tara. Kowane jirgin katako yana ɗan yoyo, amma wanda ya tara ruwa har idon sawu a dare ɗaya babu kaya a ciki, ka yi tunanin abin da zai yi da buhu hamsin.

Sannan ka sayi mai da kuɗinka, ka loda kaya kwatankwacin abin da za ka riƙa ɗauka, a ɗaura kwale-kwale biyu ko uku a baya, a yi tafiyar awa guda. A yi ta sannu na tsawon lokaci a ga ko injin zai riƙa tari yana mutuwa, a kuma buɗe wuta a ga ko zai yi zafi. A sa giyar gaba da ta baya sau da yawa. Ka duba inda ake ɗaura igiyar ja: ya kamata ta kama ɓangarori biyu na bayan jirgi a jikin katako mai ƙarfi, ta haɗu a tsakiya nesa da farfela. Igiyar da aka ɗaura a gefe ɗaya tana karkatar da jirgi, a cikin iska kuma tana iya kifar da shi. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Lissafin mai

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a harkar jirgi a wurin mai ake ganin haka. Injin doki 40 irin wanda ake gauraya wa mai, idan an buɗe masa wuta duka yakan sha kusan lita 20 a awa ɗaya. Tafiyar awa uku zuwa da awa uku dawowa ta zama lita 120. Sau ɗaya a mako, a shekara ya haura lita 6,000. Ka buga wannan da kuɗin lita a inda kake, za ka ga cewa ragin da ka samu wajen ciniki bai kai komai ba idan injin ya tsufa yana zubar da mai. Injin doki 15 ba ya shan rabin haka, kuma ga mai jan ƙananan kwale-kwale a kusa yana iya wadatarwa. Rage wuta kaɗan daga ƙarshe ma yana rage shan mai sosai, alhali gudun bai ragu da yawa ba.

Tun shekarun 1990 gwamnatin Ghana ta fito da man firimis, wanda aka riga aka gauraya, don masunta, ana raba shi ta hannun kwamitocin bakin ruwa. Amma duk mai jirgi ya san yakan yanke, wani lokaci makonni. Ka yi lissafinka da farashin fetur na gidan mai haɗe da man gauraya, idan firimis ya samu ya zama riba. Akwai kuma injin da ba a gauraya masa mai, irin tsarin na mota. Ya fi tsimin mai, ya fi jure tafiyar sannu, amma ya fi nauyi da tsada, firimis bai dace da shi ba, masu gyaransa kuma ba su da yawa a ƙauyuka.

Takarda da shaidu

Satar inji sananniyar aba ce a kowane bakin ruwa. Kowane inji yana da lamba a wani ɗan ƙarfe ko takarda da aka manna a jikin maƙalarsa. Idan an kankare ta ko an cire, ka tashi ka bar wurin, komai araharsa. Lambar ta dace da wadda ke kan rasit. Ga 'yan'uwa masu sayowa daga Lome ko wata ƙasa su shigo da shi ta iyaka, takardar kwastan ta zama a hannu, domin injin da aka kama a hanya ya fi sabo tsada.

Shi ma jirgin a bincika ko na mutum ɗaya ne. A tafkin nan sau da yawa wata mai sayen kifi ce ta ba da kuɗin jirgi ko na raga, da sharaɗin ita za a riƙa sayar wa kamu har a biya ta. Idan ka sayi irin wannan, ka sayi rigima. A yi ciniki a gaban shugaban masunta na wurin ko shugabannin ƙungiyar masu jirage, tare da shaidu daga ɓangarenka, a rubuta, kowa ya sa hannu. A rubuta tsawon jirgi, lambar inji, da duk abin da ya biyo su, kamar tanki, tiyo da farfela. A rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi, domin tun canjin kuɗi na 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi 1, har yau akwai dattawan da ke lissafi da miliyan na tsohon kuɗi. La'adar dillali ma a yanke ta tun farko. Idan za ka ɗauki fasinja ko kayan mutane, ka je wurin jami'an Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Ghana, wadda aka kafa da dokar 2002, ka ji sharuɗɗan rajista da na iyakar lodi kafin ka fara.

Rai ya fi kaya

A Afrilun 2006 wani jirgi da ya ɗauko mutane daga yankin Digya ya nutse a hanyarsa ta zuwa Abotoase. A Oktoban 2025 mutum 15 suka rasu kusa da Kete Krachi, 11 daga cikinsu yara. A Najeriya ma, a Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki. A irin waɗannan haɗurra abubuwa uku ne suka fi maimaituwa: lodi fiye da kima, karo da itace a cikin ruwa, da rashin rigar ceto.

Don haka kada ka kashe duk kuɗinka a kan jirgi da inji. Ka ware na rigunan ceto daidai da adadin waɗanda za su hau, da filafili, da bokitin kwashe ruwa, da tocila, da farfela da fulogi na ajiya, da wuƙa a kusa da direba don yanke igiya idan abin da ake ja ya fara nutsewa. Ka sayi sarƙa ka ɗaure injin da jikin jirgi. Da yayana ya yi wannan kaɗai, da injinsa bai tafi ba.

Akwai wata magana da ba zan rufe ba sai na faɗe ta. Wani mai jirgi zai ce maka akwai yaran da suka saba da aikin, za su biyo jirgin. Ka tambayi shekarunsu da inda iyayensu suke. An daɗe ana kawo ƙananan yara tafkin nan ana sa su nutso su kwance ragar da ta maƙale a kututture, wasunsu ba sa fitowa. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, dokar 2005 kuma ta haramta fataucin mutane. Ko babu doka, ɗan wani amana ne. Ka ɗauki baligai, ka biya su haƙƙinsu, ka nemi direban da ya san inda kowane kututture yake a kowane wata na shekara.

Yayana ya shekara biyu kafin ya farfaɗo. Da ya koma saye na biyu, ya yi mako guda a Yeji, ya kalli jirage shida, ya biya kafinta da fita kuɗin yininsu, ya ƙone mai a gwaji har sau biyu. Wanda ya ɗauka ba shi da fenti, kuma ya fi na farko tsada, injinsa ma doki 25 ne. Da shi ya biya uwargidansa kuɗinta, kuma har yanzu shi ke kawo masa banda ranar Litinin. Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a nema, amin.